Kafin Ka Sayi Tayar A-kori-kura, Buɗe Bakinta Ka Ga Haƙora

A wannan fitowa za mu ɗan jingine maganar farashin shanu da ta takardun ƙetare iyaka, mu duƙa ƙarƙashin mota mu dubi abin da ke ɗauke da mu da dukiyarmu, wato taya.

A cikinmu babu wanda zai sayi sa a kara bai buɗe bakinsa ya ga haƙora ba. Sai ya shafa tozo, ya duba kofato, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa, sannan a shiga ciniki. Amma wannan mutum ɗin, in ya je sayen tayar motarsa, sai ka ga ya sa ƙafa ya shure ta sau biyu, ya ce, "Wannan da sauranta," ya zaro kuɗi ya biya. Alhali kuwa ita ma taya tana da haƙora, an rubuta shekarunta da ƙarfinta a jikinta. Mu ne dai ba mu karantawa.

Abin da ya same ni

Ni kaina na sha wannan darasi, kuma da tsada na saye shi. Shekara uku da suka wuce, cikin bazara, na ɗauko bijimai biyu daga wajen Dakoro a bayan a-kori-kura, ina nufin Maraɗi, daga can in wuce Ɗan Isa zuwa Jibiya. Mako biyu kafin tafiyar na sa tayoyi biyu 'yan gwanjo a baya. Zanensu da zurfi, baƙi wuluk kamar yau aka fito da su daga leda, kuɗinsu kuma bai kai rabin na sababbi ba. Har ina yi wa abokaina alfahari na yi tsintuwa.

Bayan azahar, rana ta take, muna bisa kwalta, sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Tayar baya ta hannun dama ta tarwatse. Motar ta yi gefe, bijiman suka zube ɓangare guda, muka gangara rami. Allah ya kiyaye rayuka, amma yaron mota ya karye a hannu, ɗaya bijimin kuma ya karye a ƙafar gaba. Dole aka yanka shi nan take, mahauta suka saya yadda suka ga dama. Kowa ya san cinikin dabbar da ta faɗi.

Washegari na kai ragowar tayar wajen wani dattijo mai faci. Ya juya ta, ya goge gefenta da tsumma, ya sa yatsa a kan wasu lambobi, ya ce, "Alhaji, wa ya sayar maka da wannan? Ai shekararta goma sha ɗaya. Kuma tayar ƙaramar mota ce, ta shiga gari da iyali. Kai kuwa ka ɗora mata shanu." Na ce, "Baba, ai zanenta bai cinye ba." Ya yi dariya ya ce, "Tsohuwar saniya ma in an ba ta dusa tana sheƙi."

Tun daga ranar na ɗaura niyyar koyon karatun jikin taya. Abin da na koya shi ne zan baje muku a nan.

Nauyin da taya za ta iya ɗauka

Abu na farko da mai ɗaukar dabbobi zai nema shi ne lambar nauyi. Tana zuwa ne bayan lambar girman taya, tare da harafi guda. Misali za ka ga an rubuta 205R16C 110/108. Wannan 110 ɗin ba kilo ba ne, alama ce da ke da fassara a jadawalin da duk kamfanonin taya suke bi. Ga kaɗan daga ciki, ku rubuta ku ajiye a aljihun mota: 98 tana ɗaukar kilo 750, 100 kilo 800, 104 kilo 900, 108 kilo 1,000, 110 kilo 1,060, 112 kilo 1,120, 116 kilo 1,250, 120 kuma kilo 1,400. In ka ga lamba biyu a jere, ta farko ta motar da ke da taya ɗaya a kowane gefe ce, irin tamu. Ta biyun ta motar da ake haɗa tayoyi bibbiyu a baya ce.

To mu yi lissafi irin na kasuwa. Mu ƙaddara bayan motarka, ba kowa ciki, yana danne ƙasa da kilo 800. Ka ɗora bijimai biyu, kowanne kilo 400. Ka ƙara shingen ƙarfe, da yara biyu, da jarkokin ruwa, da damin harawa, a ce kilo 200. Kaya sun kama tan guda ke nan, kuma kusan dukansu a kan tayoyin baya suke zaune. An tashi kilo 1,800, in an raba biyu kowace taya ta samu 900. Tayar da ta fashe mini lambarta 98 ce, wato kilo 750. Kun ga tun kafin mu bar kara ta riga ta ɗauki kilo 150 fiye da ƙarfinta.

Sannan ku tuna dabba ba buhun dusa ba ce. Buhu inda ka ajiye shi nan zai kwana. Sa kuwa yana motsi, in an sha kwana ko an taka birki sai ya jingina ɓangare guda, nauyin ya taru a kan taya ɗaya. Saboda haka mai ɗaukar dabbobi ya nemi tayar da za ta bar masa rara, kada ya tsaya a kan daidai-wa-daida.

Harafin da ke bin lambar shi ne iyakar gudun da tayar za ta jure: L kilomita 120 a awa, N 140, Q 160, R 170, S 180. Mu wannan bai cika damunmu ba, don babu mai hankalin da zai kai can da shanu a baya.

Tayar kaya da tayar ƙaramar mota

Taya biyu za su iya zama girmansu ɗaya, su shiga ƙarfen wili ɗaya, amma ba aikinsu ɗaya ba. Wadda aka yi don kaya za ka ga harafin C a ƙarshen lambar girmanta, kamar 195R15C ko 205R16C, ko kuwa haruffan LT a farko ko a ƙarshe, kamar LT245/75R16. Wadda aka rubuta mata P a farko, ko ba a rubuta mata ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, yawanci ta ɗaukar mutane ce. Gefenta sirara ne, an yi shi don taushin tafiya, ƙaya da kututture ba su shan wahalar huda shi.

Akwai kuma abin da masu faci ke kira filai, ana rubuta shi 6PR, 8PR, 10PR. A da can wannan lamba tana nufin yawan shimfiɗun zaren da ke cikin tayar. Yanzu da ake amfani da waya da zare mai ƙarfi, lambar ta koma ma'aunin ƙarfi kawai, ba lallai in ka yanka tayar ka ƙirga takwas ba. Tayoyin da aka yi wa kasuwar Amurka kuma harafi suke sawa: C daidai take da filai 6, D da filai 8, E da filai 10. Ga motoci irin Hilux da makamantanta masu ɗaukar kimanin tan guda, filai 8 shi ne ƙasan abin da zan ba ɗan uwa shawara. Masu Land Cruiser da ke shiga daji wajen Abalak, Barmo ko Tanut, da dama cikinsu 7.50R16 suke sawa, kuma ana samunta da filai 8 zuwa sama.

Sai dai a kiyaye abu guda. Taya mai ƙarfi ba ta mayar da a-kori-kura kamiyo. In ka sa mai filai 10, sifirin ɗinka da birkinka da ƙarfen bayan motar suna nan yadda kamfani ya yi su. Iyakar nauyin da motar za ta ɗauka yana rubuce a wani ɗan faranti a jikinta, ko cikin littafinta. Wanda ya cusa shanu huɗu a motar shanu biyu, in taya ba ta ba shi kunya ba, birki zai ba shi.

Shekarun taya

Wannan shi ne haƙoran da na ce a duba. A gefen taya akwai wurin da aka rubuta DOT, da wasu haruffa, sannan lambobi huɗu a ƙarshe, sau da yawa cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Tun shekarar 2000 ake rubuta lamba huɗu. In ka ci karo da mai lamba uku, to kafin 2000 aka yi ta, sai dai a yi guga ko takalmi da ita. Wani lokaci a gefe ɗaya kawai ake buga lambar, don haka a juya tayar a duba ɗaya gefen.

Roba tana tsufa ko da ba a hau ta ba. Tana bushewa, ta yi ƙananan tsaga a gefe da cikin zane, wayar ciki ta soma rabuwa da ita. Zafin ƙasashenmu, inda a watan Afrilu da Mayu ake wuce digiri 40 a inuwa, yana gaggauta wannan tsufa. Manyan kamfanonin taya suna cewa a riƙa kai ta ana dubawa kowace shekara in ta kai shekara biyar, in ta kai goma kuwa a cire ta ko da zanenta bai taɓu ba. Wasu masu ƙera motoci shida suke cewa. Masu tsallakawa Nijeriya kuma su sani, hukumar kiyaye haɗurra ta can ta daɗe tana wa'azin shekara huɗu, kuma jami'anta sukan duba wannan lamba a bisa hanya.

'Yan gwanjo

Dattawan cikinmu suna tuna watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan mota na waje suka yi tashin gwauron zabi. A ɗaya ɓangaren iyaka kuma, kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina yin taya a Ikeja a 2008. Dokar kwastan ta Nijeriya ta hana shigo da tsofaffin tayoyi irin na ƙananan motoci, amma kowa ya san kasuwanni cike suke da su. Talaka yana saye ne don aljihu, babu mai zarginsa. To amma in ta kama dole, a san abin da ake dubawa.

A duba shekara tukuna. A sa hannu a shafa cikin tayar gaba ɗaya, a ji ko akwai faci, musamman a gefe, domin hudar gefe ba ta gyaruwa gyaran da za a amince masa da kaya. A duba bakin da ke kama ƙarfen wili ko ya tsage. Duk tayar da ta yi ƙulu a gefe, zaren cikinta ya tsinke, ranar fashewa kawai take jira. A kula da wadda aka sake yanka wa zane da wuƙa mai zafi: za ka ga zanen bai daidaita ba, wani wuri har waya tana leƙowa. Wannan aiki tayoyin manyan kamiyo kaɗai aka yi dominsa, su ma sai waɗanda kamfani ya rubuta a jikinsu cewa ana iya yi. Akwai kuma tayoyin sanyi na ƙasashen Turai, masu yankan zane sirara da yawa kamar an tsaga da reza, sau da yawa da kalmar Winter a jiki. Robarsu mai laushi ce don ƙanƙara, a kwaltarmu kuwa cinyewa take kamar sabulu.

A cikin ramin zane akwai wasu 'yan tudu da kamfani ya sa. In zane ya cinye ya zo daidai da su, saura milimita 1.6 ke nan, tayar ta gama aiki. Mai shiga laka da damina kada ma ya jira ta kai nan.

Ku yi lissafin da kanku. Mu ƙaddara sabuwa jika 60 ce ta yi maka wata goma sha biyu, 'yar gwanjo jika 20 ta yi wata uku. A shekara ka kashe jika 80 a kan gwanjo, ban da kuɗin faci da ranar kasuwar da ta wuce ka kana zaune a gindin aduwa. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Kowace hanya da tayarta

Wanda aikinsa daga Ƙonni zuwa Illela ne, ko daga Damagaram zuwa Matamaye ya gangara Mai'aduwa ranar Lahadi, yawancin tafiyarsa bisa kwalta ce. Wanda ke bin rugage yana tattaro dabbobi kuwa, rairayi ne da burji da gargada da ƙayar bagaruwa. Ba taya ɗaya za su saya ba.

Zane iri uku ne a kasuwa. Mai alamar H/T ta kwalta ce, ba ta ƙara, ba ta shan mai, amma laka na kayar da ita. Mai M/T manyan haƙora gare ta, gwanar taɓo ce, sai dai a kwalta tana kuka, tana saurin cinyewa, a rairayi mai laushi kuma takan haƙa rami ta binne motar. Mai A/T ita ce tsaka-tsaki, kuma ita ta fi dacewa da yawancinmu da ke fita daga daji mu hau kwalta a rana guda.

Akwai kuma bambancin saƙar ciki. In ka ga R a tsakiyar lamba, kamar 7.50R16, wannan radiyal ce mai ɗamarar waya, irin da Michelin ya fito da ita a 1946. In ka ga ɗan layi a maimakon R, kamar 7.50-16, wannan tsohuwar saƙa ce ta zare. Ta zaren gefenta da tauri, tana jure kututture da dutse, shi ya sa wasu direbobin daji har gobe ba su rabuwa da ita. Amma tana ɗaukar zafi a doguwar kwalta, tana kuma cinyewa da wuri. Radiyal ta fi sanyi, ta fi daɗewa, ta fi sauƙin mai. Ko wacce ka zaɓa, kada ka haɗa iri biyun a layi ɗaya, wato ɗaya a dama ɗaya a hagu. Mota mai jan ƙafa huɗu kuwa, tayoyinta huɗu su zama girma ɗaya, iri ɗaya, in ba haka ba giyar ce za ta biya.

Game da mai tub da marar tub, kowacce da amfaninta. Marar tub in ƙusa ta shige ta a hankali take sacewa, ka samu ka kai gari. Mai tub kuwa kowane ƙauye akwai mai iya facinta. Masu ƙarfen wili mai zobe, irin na tsofaffin Land Cruiser, su ja wa yaransu kunne: kada kowa ya tsaya a gaban zoben lokacin da ake ba taya iska. In bai zauna daidai ba yakan fita da ƙarfin da zai iya kashe mutum.

Wata shawara kuma, a zaɓi girman da ake samu ko'ina. Rufe iyakar da aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wanda ya biyo baya a 2023, sun nuna mana yadda kaya ke yankewa dare ɗaya. Wanda ya sa wa motarsa wata faffaɗar taya ta gayu, ranar da ta fashe masa a hanyar Maigatari daren Alhamis, zai gane kurensa.

Iska ita ke ɗaukar kaya

Ko ka sayi tayar da ta fi kowacce, in babu isasshiyar iska a ciki, ka yi asarar kuɗinka. Nauyin nan da aka rubuta, tayar ba ta ɗaukarsa sai an cika ta yadda ya kamata. Mai filai 6 takan kai cikakken ƙarfinta a geji 50, mai filai 8 a 65, mai filai 10 a 80, kuma ana rubuta wannan a gefen tayar. Abin da motar ke bukata, da kaya da kuma ba kaya, yana kan wata takarda da aka manna a bakin ƙofar direba. Tayar da iskarta ta yi kaɗan tana lanƙwasa a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin kuma shi ke raba roba da waya. Yawancin fashewar da muke ɗora wa tsautsayi daga nan take farawa.

Mu masu tsallaka iyaka akwai abin da ke rikita mu. A wannan ɓangaren da bar ake auna iska, wanda masu faci ke ce wa kilo. A Nijeriya kuwa wani ma'auni suke bi, inda za ka ji ana cewa arba'in ko hamsin. Bar ɗaya daidai yake da 14.5 a nasu gejin. Wato kilo 3 wajen 44 ne a can, kilo 4.5 kuma 65. Direba ya riƙe wannan a ka.

A auna iska da safe kafin a tashi, taya na sanyi. In an yi tafiya ta yi zafi, geji zai hau kaɗan, wannan ba laifi ba ne. Kuskuren da direbobi da yawa ke yi shi ne su tsaya da rana su rage iska wai kada ta fashe. Yin haka ƙara mata zafi yake. In ka ji taya ta yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, ka nemi inuwa ka tsaya, dabbobin ma su huta. A rairayi mai zurfi ana rage iska don motar ta taka da faɗi, amma a tafi a hankali, kuma da an fito a mayar da iskar kafin a hau kwalta. Don haka famfo da geji su zama cikin kayan mota kamar jak.

In kuɗinka na taya biyu ne kawai, sababbin su tafi baya, can nauyi yake, kuma in baya ta ƙwace ba a iya riƙe mota. A riƙa sauya musu wuri bayan kowane kilomita 8,000 zuwa 10,000. Safaya kuma ta zama irin sauran, da iskarta. Mai shiga daji ya ɗauki biyu.

Kira ga shugabanni

A ƙarshe ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu su duba abu biyu a taro mai zuwa. Na ɗaya, a haɗa kuɗi a riƙa sayen tayoyi a dunƙule daga dila guda da aka amince da shi, da sharaɗin ya nuna shekarar kowace taya kafin a biya, ya kuma ba da rasit. Na biyu, kowane reshe ya ajiye geji mai kyau a bakin kara, duk motar da aka yi wa lodi a auna ta kafin ta tashi. Kuɗin geji bai kai na ɗan akuya ba.

Yaron motata ya warke, alhamdu lillahi, har ya zama direba. Yanzu in muka je sayen taya shi ke fara durƙusawa da tsumma a hannu yana neman lambobin nan huɗu, mai shago na harararsa.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya sa albarka a kasuwa, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.